Na tura fayil ɗin .ps ta netwok, firinta sai zubar da takardu take yi

Mai Fotokwafi:

Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka mini da shawara, wani aiki ne ya tsaya mini a wuya.

Ina da shagon buga takardu a Samaru, Zariya, kuma kusan duk cinikina da ɗalibai ne. Kwamfuta huɗu ne a shagon, duka Windows 10, duka a jone da rauta ɗaya. Firinta biyu gare ni. Ƙaramar tana teburin gaba, da kebul ɗin USB take haɗe da kwamfutar da nake zama a kai, na yi mata shiyarin sauran kwamfutocin suna turo mata aiki. Babbar ta hannu na saya, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama da su. Tana da ramin kebul ɗin netwok a baya, kai tsaye take shiga rauta, kuma ita ke ɗaukar duk wani aiki mai yawa.

Shekaranjiya wani ɗalibin digiri na biyu a fannin lissafi ya zo da filashi, a ciki akwai kundinsa, shafi ɗari da wani abu. Sunan fayil ɗin thesis.ps. Ya ce da LaTeX ya rubuta shi, wata manhajar tsara rubutu da masu lissafi suke amfani da ita, wai zane-zanen ciki ta wannan hanyar kaɗai suke fita daidai. Na ce ya kawo PDF mana, ya ce kwamfutarsa tana wajen mai gyara, wannan ne kawai abin da ya tsira da shi, ga shi ranar Litinin zai miƙa.

Na danna fayil ɗin, Windows ta ce in zaɓi manhajar da za ta buɗe shi. Yaron shagona, wanda ya fi ni rawar kai a harkar kwamfuta, ya ce ai irin wannan ba buɗe shi ake yi ba, miƙa wa firinta ake yi yadda yake. Ya buɗe baƙin allon nan na cmd ya rubuta:

copy /b thesis.ps \\GABA\karama

Wutar ƙaramar ta ɗan ƙyafta, aikin ya bayyana a layi ya ɓace, ko takarda ɗaya ba ta ja ba. Sai muka yi wa babbar shiyarin ita ma, muka tura mata. Nan take ta fara ja, har ɗalibin ya ce alhamdu lillahi. Da na ɗauko shafin farko, ga abin da ke samansa: %!PS-Adobe-2.0, ƙasansa %%Creator: dvips da wasu lambobi. Kowane layi yana farawa ne daga inda na samansa ya ƙare, yana ta gangarawa dama har ya fice daga takardar. Shafi ɗaya layi biyu ko uku, sai ta ja wani. Na kashe ta, na kunna, ta ci gaba. Kafin mu shawo kanta kusan rabin rim ya tafi, kun kuwa san yadda takarda take a kasuwa yanzu.

Shin fayil ɗin ne ya lalace ko firintar ce? Kuma wace hanya ce daidai ta tura irin wannan ta netwok? Tun da na riga na buɗe baki, bari in ƙara da wata tsohuwar damuwa: duk lokacin da aka ɗauke wuta muka koma janareta, sai kwamfutoci su ce babbar tana offline, alhali ga ta nan a kunne. Sai mun cire ta mun sake sakawa.

Gwanin Waya:

Oga bairos ne. Filashin ɗalibai duk haka suke. Ka yi wa kwamfutar fomatin, ka sake saka direba, ka daina karɓar filashi, su riƙa turo maka ta WhatsApp.

Baba Mai Injin:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka yi wa komai fomatin. Fayil ɗinka lafiyarsa lau, wannan layin na farko da ka karanto shi ne shaida. Firintocin ma lafiyarsu lau.

Na yi aiki a wata maɗaba'a a Kaduna tun lokacin da ake fitar da fim kafin a ƙona faranti, kuma irin waɗannan fayiloli muka ci abinci da su. Abin da ke cikin .ps ba hoton shafi ba ne. Umarni ne a rubuce, cikin wani harshe da ake kira PostScript: je wuri kaza a takarda, ɗauko zubin haruffa kaza, rubuta kaza, ja layi daga nan zuwa can, fitar da shafi. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1984, shekara biyu bayan John Warnock da Charles Geschke sun bar Xerox sun kafa kamfanin. Dole a sami wanda zai karanta umarnin ya mayar da shi ɗige-ɗigen tawada, kuma a tsarin asali firintar ce da kanta take wannan karatu. Shi ya sa LaserWriter ta Apple da ta fito a 1985 ƙwaƙwalwar cikinta ta fi ta Macintosh ɗin da ke turo mata aiki sauri, kuɗinta kuma ya kusa dala 7,000. Tsadar nan ce ta sa tun farko aka yi ta don a jona ta da netwok, ofis guda su yi tarayya a kanta.

To abin da nake so ka riƙe shi ne, netwok ɗan aike ne kawai. In ka ba shi wasiƙar ajami ya kai wa wanda boko kaɗai ya iya, zai kai ta lafiya, amma ba zai tsaya ya karanta masa ba. Kullum da kake buga Word ba ka ganin wannan matsala saboda direba yana tsakani, shi ke rubuta aikin cikin harshen da firintar take ji. Umarnin copy /b tsallake direba yake yi. Yaronka bai yi kuskuren umarni ba, wancan /b ɗin ma wajibi ne, shi ke hana Windows yanke fayil a tsakiya. Abin da ya rage shi ne a tambaya wane harshe kowace firinta take ji.

Ƙaramar, ina kyautata zaton irin su LaserJet 1018 da 1020 ce ko danginsu, waɗanda suka cika shaguna. Waɗannan ba su da mai karatu a ciki ko kaɗan. Kwamfuta ce take zana shafin gaba ɗaya ta turo musu ɗige, haka aka ƙera su don su yi araha. Da ta ga abin da ba ta gane ba sai ta watsar, shi ne ka ga aikin ya ɓace. Ita wannan ka cire rai, ba za ta taɓa karɓar .ps kai tsaye ba, ko ta USB ko ta netwok.

Babbar kuwa da harshen PCL ta saurare ka, wanda HP ta fito da shi. Ɗabi'ar PCL ita ce duk rubutun da ba umarninta ba ne sai ta buga shi yadda ya zo. Wato ta ɗauki umarnin a matsayin wasiƙar da ake so a buga. Gangarowar layukan ma tana da dalili: fayil ɗin alamar sauka ƙasa kaɗai yake sawa a ƙarshen layi, babu alamar komawa gefen hagu, ita kuma a wannan yanayin sai ta ga duka biyun.

Yanzu ka je jikin babbar, ka shiga menu, ka buga shafin da ake kira Configuration Page. Ka nemi inda aka jera harsunanta. In ka ga PS ko PostScript, ka tsira. Wasu kamfanoni ba sa amfani da na Adobe, nasu suke yi mai jin harshen: Brother suna kiran nasu BR-Script, Kyocera kuma KPDL. Sannan ka nemi wani saiti mai suna Personality, a wasu kuma Emulation. Ya kamata ya kasance a kan AUTO, don ta leƙa farkon kowane aiki, in ta ga %! ta san PostScript ne. Firintocin hannu sau da yawa suna zuwa da saitin ofishin da suka baro.

Kuma kar ka sake gwaji da kundin mutum. Buɗe Notepad ka rubuta wannan, ka adana shi da suna gwaji.ps, ka tabbata bai ƙara masa .txt a ƙarshe ba:

%!PS
/Helvetica findfont 24 scalefont setfont
72 720 moveto
(Sannu da aiki) show
showpage

Lambobin nan awo ne, kowane 72 inci ɗaya ke nan, kuma daga kusurwar ƙasa ta hagu ake fara ƙirga. Wato inci ɗaya daga hagu, inci goma daga ƙasa. In takarda ɗaya ta fito da gaisuwar nan a can sama, firintarka tana jin harshen. In layuka biyar ɗin ne suka fito, takarda ɗaya kawai ka yi asara. In kuwa ka cire showpage, za ta karɓa ta yi aikin a cikinta ta yi shiru, ba abin da zai fito. Mun sha ganin haka da fayilolin .eps, wato zanen PostScript da ake sakawa cikin wani shafi, waɗanda ba a yi su don a tura su su kaɗai ba.

Batun hanyar turawa, firinta mai netwok yawanci ƙofa uku take buɗewa. Akwai 9100, wadda ba ta tambayar komai, abin da ka zuba shi za ta haɗiye, kuma ita Windows take bi in ka saka firinta da Standard TCP/IP Port. Akwai 515, ta tsohon tsarin LPD da aka gada daga Unix. Akwai 631, ta IPP, wadda ta fi su wayewa, don ita tana iya gaya maka halin da aikin yake ciki. Hanyar shiyarin da kuka bi tana aiki, sai dai dole kwamfutar gaba ta kasance a kunne. In kana so kowace kwamfuta ta tura kai tsaye, ka shiga Turn Windows features on or off, ƙarƙashin Print and Document Services ka kunna LPR Port Monitor, sai ka rubuta:

lpr -S 192.168.0.50 -P raw -o l gwaji.ps

Ka sa lambar IP ta firintarka a madadin wadda na rubuta. Harafin da ke bayan -o ɗin ƙaramin L ne, ba ɗaya ba.

Wata rana in ta sake haukacewa, kashe ta ba ya magani, don ragowar aikin yana kwamfuta yana jira. Ka fara zare tiren takarda, sannan ka share layin aiki a kwamfutar, sannan ka soke a jikinta.

Mai Fotokwafi:

Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Na buga shafin. A jerin akwai PCL 5e, PCL 6, da PS. Personality kuwa a kan PCL yake, yadda ka faɗa. Na mayar da shi AUTO, na tura gwaji.ps, sai ga "Sannu da aiki" a saman takarda da manyan baƙaƙe. Yaron shagona har ya canza rubutun ya sa sunan budurwarsa ya sake turawa.

Amma da na tura kundin, ba ta zubar da takarda ba, ba ta kuma buga ba. Ta tsaya tana ƙyafta jar wuta, allonta yana cewa LOAD TRAY 1 PLAIN LETTER. Ga takarda cike a tire. Wace wasiƙa kuma take nema?

A shafin na ga an rubuta DHCP kusa da lambar IP, lambar kuma ta ƙare da 103. Yaron ya rantse makon jiya 101 ce.

'Yar Linux:

Malam, ba wasiƙa take nema ba, girman takarda ne. Letter ita ce takardar Amurka, milimita 216 a faɗi, 279 a tsawo. Tamu A4 ce, 210 da 297. Ka buɗe thesis.ps da Notepad ka duba layukan sama, kar ka taɓa komai. Za ka ga %%BoundingBox. In lambobin ƙarshe 612 da 792 ne, Letter ce. A4 tana nuna 595 ko 596, da 842. LaTeX in ba a gaya masa a4paper ba, Letter yake ɗauka, ɗalibai da yawa ba su sani ba sai ranar bugu.

Kana iya danna OK a jikin firintar ta buga a kan A4 ɗin da ke ciki, wasu ma suna da saitin Override A4/Letter. Amma kundin digiri ne, za a ɗinke shi, kuma akwai masu duba gefen takarda da rula. Ni da zan ba ka shawara, ka ga shafukan da idonka kafin tawada ta taɓa takarda.

A nan ne na ɗan saɓa da Baba, tare da girmamawa. Duk abin da ya faɗa daidai ne, amma a shago irin naka ban ga dalilin tura .ps kai tsaye ba. Ka sauke Ghostscript, kyauta ne, tun 1988 yake, kuma aikinsa ke nan: karanta PostScript a kan kwamfuta maimakon a cikin firinta. Bayan ka saka shi:

gswin64c -sDEVICE=pdfwrite -o thesis.pdf thesis.ps

In cmd ya ce bai san gswin64c ba, ka rubuta cikakkiyar hanyarsa daga foldar bin da ke inda aka saka shi. Cikin ɗan lokaci za ka sami PDF. Ka buɗe, ka duba zane-zanen tare da mai kundin, ka ƙirga shafuka ka yi masa kuɗi tun kafin a fara. Sannan ko ƙaramar ma za ta buga shi, tunda direba ya dawo tsakani.

Akwai wani dalilin. PostScript cikakken harshen shirya manhaja ne, firinta tana bin sa daga sama zuwa ƙasa. In takarda ta maƙale a shafi na 80 aikin ya mutu, ba ka da hanya mai sauƙi ta cewa a ci gaba daga 81, sai dai ka nemi wata manhajar da za ta yanko maka. PDF kuwa, wanda Adobe ɗin dai ta fitar a 1993, kowane shafi zaman kansa yake, ka zaɓi 81 zuwa ƙarshe ka wuce wurin. Da wutar da muke fama da ita, wannan kaɗai ya isa hujja. Kuma tsohuwar firinta mai ƙaramin mimori tana iya shaƙewa a kan zane mai nauyi, ta fito maka da takarda mai cewa VMerror ko limitcheck. Kwamfutarka ba za ta shaƙe a nan ba. Ko Apple da suka fara tallata harshen sun cire buɗe .ps daga manhajarsu ta Preview tun 2022.

Batun offline, yaronka ya yi gaskiya. DHCP yana nufin rauta ce take raba lambobi, kuma in wuta ta ɗauke kowa ya tashi lokaci guda, tana iya ba firintar wata lambar daban. Kwamfutoci suna can suna ƙwanƙwasa 101, ita ta koma 103. Gyaran iri biyu ne, ka zaɓi ɗaya. Ko dai ka shiga saitin rauta ka ɗaure lamba ɗaya da lambar MAC ta firintar, tana nan a shafin da ka buga, ko ka shiga menu na firintar ka mayar da ita Manual ka ba ta lambar da ba ta cikin waɗanda rauta take rabawa. Daga nan a kowace kwamfuta ka shiga Printer properties, Ports, ka yi sabon Standard TCP/IP Port da wannan lambar. In ka tarar tana kan wani abu da ya fara da WSD, ka sauke ta daga kai. In bayan haka ta ci gaba da cewa offline alhali in ka rubuta ping da lambarta a cmd tana amsawa, ka shiga Configure Port ka cire alamar da ke kan SNMP Status Enabled.

Ƙari ɗaya. Ƙofar 9100 ba ta da kalmar sirri. In kana ba kwastomomi wayifai ɗin shago, duk wanda ya shiga zai iya turo aiki daga wayarsa ba tare da ya bi ta kanka ba. A ƙarshen 2018 wani ya tura saƙon tallata wani ɗan YouTube zuwa firintoci wajen 50,000 da aka bari a buɗe ga intanet, ta wannan ƙofar. In rautarka tana da Guest network, ka ba kwastomomi shi.

Na Damagaram:

Salamu alaikum ƴan uwa. Ina bin zancen nan da kyau, don ni ma sana'ata ke nan a nan Zinder. Ina da ƙari a kan haruffa, tunda Malam ya ce da ɗalibai yake aiki, wata rana za a kawo masa na Hausa.

Fayil ɗin PostScript ko PDF yana iya ɗauke da haruffansa a cikinsa, yana kuma iya ambaton sunansu kawai, ya bar wa firinta ta nemo a nata. Firintocin PostScript suna zuwa da zubi 35 da aka saba, su Times da Helvetica da Courier, amma don harsunan Turai aka yi su. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da muke rubutawa a nan Nijar. Sai ka ga a kan allo komi daidai, a takarda kuma gurbi ko ɗan akwati a tsakiyar kalma. An taɓa kawo mini littafin yara na makarantar gwaji, duk inda ƙ take babu komi, "ƙasa" ta zama "asa".

In ka yi PDF, ka shiga Properties, Fonts, ka tabbata kowane suna akwai Embedded a gabansa. In babu, Ghostscript ma ba zai ƙirƙiro harafin da ba a ba shi ba, sai dai a koma wajen mai fayil. Masu CorelDRAW kuma su zaɓi rubutun su danna Ctrl da Q ya zama zane kafin su fitar, amma su aje kwafin asali, don ba ya gyaruwa bayan haka. Ni Charis SIL nake ba mutane shawara, ƙugiyoyinta duka sun cika.

Baba Mai Injin:

'Yata, ban ƙi taki ba. A kan kundin nan PDF ɗin ya fi, musamman saboda maganar ci gaba daga tsakiya. Abin da ya sa na bi da shi ta doguwar hanya shi ne ya san abin da ke cikin injinsa. Ya sayi firinta mai jin PostScript, an kulle mata baki a PCL, bai sani ba. Gobe wani mai zane zai kawo masa .prn da ya yi da Print to file, ita kuwa .prn ba harshe ba ce, duk abin da direban can ya rubuta ne a ciki. In ya buɗe ya ga %!PS, ko ya ga @PJL ENTER LANGUAGE=POSTSCRIPT a sama, Ghostscript ko babbar za su iya da shi. In na wata ƙaramar firinta ce daban, babu mai karanta shi sai irinta. Wannan dubawar ta minti ɗaya ita nake so ta zame masa jiki.

Na Damagaram, ka tuna mini da zamanin Rabi'at da Abdalla, kafin Unicode ta wadata. Su a kan maɓallan baka aka ɗora ƙugiyoyin. In zubin bai bi fayil ba, sai ka ga }asa a wurin ƙasa, ]aya a wurin ɗaya, ha~aka a wurin haɓaka. Har yau akwai malaman da tsofaffin takardunsu suke haka, kuma in za su kawo bugu gara su yi PDF a kan kwamfutar da aka rubuta su.

Mai Fotokwafi:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Hajiya, 612 da 792 ne kuwa. Na saka Ghostscript, PDF ya fito, muka zauna da mai kundin muka bi shi shafi-shafi, zane-zanensa duka suna nan. Na buga shafi ɗaya da Actual size, ɗaya da Fit, muka auna gefen hagu da rula. Actual size ɗin ne ya bar wurin ɗinki yadda sashensu yake so, sai dai ƙasan shafin ya ɗan yi fili da yawa. Ya ce zai iya zama da hakan a wannan zagayen, in kwamfutarsa ta dawo zai sa a4paper kafin bugun ƙarshe.

Lambar IP na ɗaure ta a rauta. An ɗauke wuta da la'asar, mun tayar da janareta, kwamfutoci huɗun duka sun gan ta.

Saura tambaya ɗaya. Ɗalibai suna yawan cewa su buga daga waya kai tsaye. Babbar ba ta fitowa a wayoyinsu ko da suna kan wayifai ɗaya. Akwai dabara, ko sai sabuwar firinta?

'Yar Linux:

Wayoyi ta IPP suke bi, iPhone da AirPrint, Android da Mopria ko abin bugun da ke cikinta, kuma sai firinta ta yi shelar kanta a netwok da irin tsarin da suke ganewa kafin su gan ta. Taka ta girmi wannan tsarin, AirPrint a 2010 ya fito. Ba sai ka sayi sabuwa ba. In kana da tsohuwar kwamfuta a ajiye, a sa mata Linux, CUPS, wato tsarin da ke kula da bugu a Linux, yana zuwa a ciki. Ka buɗe localhost:631 a burauza, ka ƙara firintar da socket:// da lambarta da :9100, ka kunna Share printers connected to this system. Wayoyi za su ga kwamfutar a matsayin firinta, ita kuma ta juya aikin zuwa PostScript ta miƙa wa babbar.

Sai dai ka tuna wayoyin dole su shiga netwok ɗin da kwamfutar take, wato ƙofar da na ce ka rufe za ka sake buɗewa. In za ka yi, ka sa CUPS ya riƙe kowane aiki sai ka sake shi da hannunka, da saitin job-hold-until-default=indefinite a kan layin firintar. Mutum ya turo, ya zo tebur ya biya, ka danna Release.